Mai Gyaran Bindiga a Garwa: Sana'ar Awo da Amana

A Garwa kowace sana'a tana da hanyar da take kiran ciniki. Tela yana da ƙarar kekensa, mai walda yana da tartsatsinsa a bakin titi, mai gyaran babur kuwa tsofaffin tayoyin da ya jera sun ishe shi allo. Mai gyaran bindiga ne kaɗai ba ya talla. Wanda ya san shi ya san shi, wanda bai san shi ba sai an raka shi. Sau da yawa ma ba da ita aka san shi ba: maƙeri ne mai fartanya da gatari, ko mai gyaran kwaɗo da keken ɗinki, ko tsohon soja da ya yi aiki a ma'ajiyar makamai ya dawo gida da ilmin a hannunsa. Amma duk mai riƙe da bindiga bisa ƙa'ida a arewacin Kamaru, mafarauci mai takarda ne ko ɗan bindigar fada, wata rana sai ya neme shi, domin ƙarfe yana gajiya, itace yana tsagewa, tsatsa kuma ba ta jin kunyar kowa.

Mutane suna ɗauka aikin wuta ne da guduma. Suna ciki, amma ginshiƙan sana'ar biyu ne: awo da amana. Awo, domin abin da ya raba bindiga mai lafiya da wadda za ta fashe a fuskar mai ita bai kai kaurin farce ba. Amana, domin abin da aka miƙa masa ya gyara yana iya ciyar da gida, yana kuma iya mayar da 'ya'yan wani marayu.

Yadda bindiga ta zo hannun maƙeri

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan sashe. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yake da rundunar 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar, tarihin Kano kuma ya nuna bindigogi sun shigo birnin daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, cikin ƙarni na 18. Duk da haka, lokacin da Modibbo Haman Njundi ya kafa Garwa a farkon ƙarni na 19, ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, ƙarfin yaƙin Fombina, wato masarautar Adamawa, a kan doki yake, da mashi da takobi da kwari da baka. Bindiga tsada gare ta, albarushi kuma sai an yi fatauci mai nisa. Hausawa da Barebarin da suka biyo hanyar fatauci suka zauna a garin sun zo da sana'o'insu, dukanci da rini da ƙira, kuma unguwar Hausare tana nan har yau tana shaida.

Wani hukunci da aka yanke a Turai ne ya zaɓa wa maƙerinmu irin bindigar da zai daɗe yana gyarawa. A 1890 manyan ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Masana'antun Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam sun daɗe suna ƙera irin waɗannan masu arha domin kasuwar Afirka. Mai arha kuwa saurin lalacewa gare ta, babu kuma mai mayar da ita Turai gyara. Tilas maƙerin gari ya kwance ta, ya ga yadda sifirin yake aiki, ya ƙera madadinsa. Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, wanda aka kashe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, ya gane haka, shi ya sa ya ajiye masu gyaran bindiga a Dikwa.

Mutanen Binuwai sun ga bambancin bindiga da bindiga da idonsu. Bayan Ingilishi sun ci Yola a Satumbar 1901, Lamiɗonta Zubairu ya gwabza da Jamusawa a Garwa cikin Nuwamba, sannan kusa da Marwa cikin Janairun 1902, inda bindiga mai ruwa ta hafsan Jamus Hans Dominik ta karya dubban mahaya. Jamusawan su ma sun miƙa Garwa ga sojojin Ingila da Faransa a Yunin 1915, bayan an yi musu ruwan igwa. Daga nan har samun 'yancin kai, bindigar zamani ta zama ta gwamnati da 'yan tsirarun da ta yarda da su, talaka kuma ya zauna da ta toka.

Ilmin ƙarfen kansa ya girmi wannan duka. A duwatsun Mandara, wajen Mafa da Kapsiki, maƙera jinsi ne na daban, a junansu suke aure, su ne kuma masu binne gawa. A 1986 masu bincike suka ɗauki hoton bidiyon Dokwaza, wani maƙerin Mafa na yankin Mokolo, yana narka tama a irin matoyar kakanninsa. Hannun da ya san yadda ake fitar da ƙarfe daga yashin rafi ba zai rasa gane sifirin bindiga ba.

Abin da ke zuwa hannunsa

Iri uku ne suka fi yawa. Ta farko bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mutuncinta yau a fada yake. Ran hawan salla, idan mahaya suka yi sukuwa gaban Lamiɗo, ƙararta da hayaƙinta suna cikin abin da ke cika biki. Babu harsashi a ciki, amma haɗarin yana nan. Toka da ta kwana a bututu tana jan danshi, ta ci ƙarfen ta ciki inda ido ba ya gani, ga kuma saurayi mai son a ji tasa ta fi ta kowa ƙara, ya ƙara awon albarushi. Ta haka ake rasa yatsu. Don haka makonnin gabanin salla lokacin duba bututu ne da ɗaure ƙota.

Ta biyu bindigar farauta mai ɓallewa, wadda ake kira kalibar duz, wato mai lamba 12. Dattawa sun san Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, na kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne a Faransa, daga baya Baikal ta Rasha ta shigo da arharta da ƙarkonta. Wasu sun haura shekara hamsin a gida ɗaya, daga uba zuwa ɗa, suna korar mugun dawa daga gonar masara, suna kawo zabi a tukunya.

Ta uku manyan bindigogin farautar ɓauna da gwanki. Jihar Arewa tana da gandun daji uku na ƙasa: Binuwai mai hekta 180,000, Buba Njida mai 220,000, da Faro mai 330,000. Kewaye da su akwai yankunan farauta da gwamnati ke bayarwa haya, inda baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa da rani. Bindigoginsu suna da madubin hange, kuma girgizar mota a hanyar daji ta isa ta karkatar da saitinsu. A Garwa ne kuma Makarantar Kula da Namun Daji take, wadda aka buɗe a 1970, take horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama. Gari irin wannan ba ya rabuwa da bukatar wanda ya san cikin bindiga.

Bincike kafin guduma

A ce mafarauci ya taso daga wani ƙauye bayan Pitowa, bindiga naɗe cikin tsumma, takardarta a aljihu. Tun gaisuwa ba ta ƙare ba mai gyara zai karkatar da bakinta ƙasa, ya ɓalle ta, ya leƙa, ya zura yatsa. Ko mai ita ya rantse babu komai a ciki, sai ya gani da idonsa. Sannan tambaya.

"Baba, me take yi?"

"Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi."

"Ina harsashin da ta ƙi?"

Mafaraucin da ya san mutumin da zai je wurinsa ba ya yar da wannan harsashi. Mai gyara zai juya gindinsa ya duba tabon da allura ta bari. In tabon ya zurfafa kuma yana tsakiya, bindiga ta yi nata, laifin harsashi ne: ya tsufa ko ya sha danshi a ƙarƙashin gado. In tabon bai shiga ba, to sifirin ya gaji, ko allura ta cinye, ko datti ya tare ta. In ya kauce gefe, akwai abin da ya saki a mahaɗa. Bai taɓa magagari ba tukuna, amma ya riga ya rage zato daga goma zuwa biyu.

Sai ya ɗaga bututun ya fuskanci haske. Ciki mai lafiya sumul yake. Zobe mai duhu alamar kumburi ce, wato an taɓa harbawa alhali taɓo ko gidan zanzaro ya toshe bakin. Ɗigo-ɗigo baƙi tsatsa ce da ta yi rami. Daga nan ya haɗa ta, ya riƙe ƙota ya girgiza, yana saurare. In ta yi ƙas-ƙas, mahaɗa ta saki.

A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo duk abin da aka kawo masa yana da gyara, domin kuɗin yake hange. Gwani ya san akwai lalacewar da ba ta gyaruwa. Bututun da ya tsage ba a yi masa walda, faifan ruwa kuma ba ya zama bututun bindiga komai kyan gogewarsa. Ba banza ba ne aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake harba kowane bututu da abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum kafin a buga masa hatimi. Gwani yana neman wannan hatimi, yana kuma iya duban dattijo ya ce: "Baba, wannan kam ta gama aikinta. A rataye ta, jikoki su gani." Ya rasa ciniki, amma ya tsare ido da hannun bawan Allah.

Ƙaramar bindigar gasa

Akwai bindigar da ba kasafai ake ganinta a arewa ba, amma ita ce ke nuna iyakar wannan sana'a: ƙaramar bindigar gasar harbi. Ba ta yaƙi ba ce, ba ta farauta ba ce, aikinta huda takarda. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a Athens a 1896. Da yawa daga cikinmu sun san wasan ne a 2024, da hoton Yusuf Dikec na Turkiyya ya zagaya wayoyi, tsohon jandarma mai shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, ya ci azurfa tare da abokiyar wasansa a gasar Paris.

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai ta iska, mai harba ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5 da nauyin kusan rabin giram, daga nisan mita 10. Akwai kuma mai harsashin .22, wanda kaurinsa milimita 5.6 ne, aka fara yin sa a Amurka a 1887, ana harbi da ita daga mita 25. Kamfanonin da suka yi suna a kansu su ne Pardini na Italiya, Walther da Feinwerkbau na Jamus, Steyr na Ostiriya, da Morini na Suwizalan. A tsaye ake harbi, da hannu ɗaya, babu jingina, babu madubin hange.

A gasar mita 10, da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 11.5 ne kacal, kuma sau 60 ake harbi. Tsakanin saitin baya da na gaba akwai kimanin santimita 35. In aka yi lissafi, kuskuren kashi ɗaya cikin biyar na milimita a kan saiti yana kai ƙwayar dalma kusan milimita 6 gefe, wato bakin da'irar goma. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta isa ba, sai ma'aunin kauri, da nauyin gwaji, da littafin da ake rubuta duk abin da aka taɓa.

Ƙota da kunama da saiti

Abu uku ake daidaita wa mai gasa, kuma ƙota ce ta farko. Ƙotar kanti hannun kowa aka yi wa, wato ba ta kowa ba ce. Mai gyara zai sa mai ita ya riƙe, ya rufe ido, ya ɗaga hannu, ya buɗe. In saitin gaba ya faɗa hagu ko dama, ƙota ce take karkatar da wuyan hannu. Sai a shafa alli a tafin hannunsa ya sake riƙewa. Inda alli ya kama da yawa, nan itace yake tokare nama, a rage shi kaɗan da magagari da samfefa. Inda bai taɓa ba, a cike. A sake gwadawa, a sake ragewa, har yatsan harbi ya kwanta kan kunama ba tare da ya goga itace ba. Aikin kwanaki ne, gaggawa kuma ɓarna take yi. Dokar Hukumar Wasannin Harbi ta Duniya, ISSF, ta hana ƙota ta zagaye hannu ko ta tallafi wuyansa. Ta iska kada ta wuce kilo ɗaya da rabi, kuma dole ta shiga akwatin awo mai milimita 420 da 200 da 50. Busasshen maɗaci ko maɗobiya za su yi wannan aiki, masassaƙan da ke fitar da ƙotar fartanya daidai hannun manomi kuma sun riga sun san rabin karatun.

Ta biyu kunama. Doka ta ce ta iska kada ta tashi da abin da bai kai giram 500 ba, ta .22 kuma giram 1,000. Alƙali yana rataya nauyin a jikin kunama, a ɗaga bindiga bakinta sama, in ta tashi an fitar da mai ita. Kowane mai harbi yana son kunama mai laushi, kuma nan ne ɗan koyo yake ɓata bindiga, ya ɗauki magagari ya goge haƙorin da ke riƙe da ita. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, kunamar da haƙorinta ya cinye kuma tana iya tashi da ɗan bugu kawai. Masu ƙera bindigar sun sa ƙananan sukurori domin wannan. Gwani yana juya ɗaya kaɗan, ya auna, ya rubuta, sannan ya taɓa na gaba. Wanda ya juya uku lokaci guda ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Na uku saiti. Ba a gyara saiti saboda harbi ɗaya. Sai an yi biyar ko goma an ga inda suka taru. In sun taru wuri ɗaya amma gefe, saiti ne, a matsa na baya zuwa inda ake so harbin ya koma. In sun warwatse, sukurori ba su da laifi, a duba harsashi, ko leɓen bututu, ko hannun mai harbi. Faɗa wa Alhajin da ya kashe kuɗi mai yawa cewa bindigarsa lafiya lau take, hannunsa ne ke bukatar horo, yana cikin abin da ake biyan gwani dominsa.

In ta ƙi aiki

Harsashin .22 a bakin gindinsa makunninsa yake, ba a tsakiya ba, dalmarsa kuma an shafe ta da maiƙo mai kama da kaki. Daga waɗannan biyu yawancin matsaloli suke fitowa. Maiƙon da toka suna taruwa a mazaunin harsashi, sai ya ƙi zama daidai, allura ta buga bugun ya tafi a banza, ko kwanso ya maƙale ya ƙi fita. Masu danna kunama babu harsashi a ciki kuma suna sa allura ta riƙa dukan bakin mazaunin har ta yi masa tabo. Saboda haka gwani yana bin tsari daga mai sauƙi zuwa mai wuya: a canza harsashi, a wanke, a gwada wani gidan harsashi, a duba sifirin da ƙugiyar fitar da kwanso. Taɓa ƙarfe shi ne na ƙarshe. Mafi yawan bindigogin da aka ce sun lalace datti ne kawai ya dame su.

Akwai ƙa'ida biyu da yake nanata wa duk wanda ya zo. In ka danna ba ta tashi ba, kada ka juyo da bakinta, ka jira tana fuskantar inda aka nufa, domin wani harsashin yakan makara. In kuma ƙarar ta fito a raunane, ka tsaya ka duba, mai yiwuwa dalma ta tsaya a bututu, harbi na biyu a kanta kuwa kumburi ne ko fashewa.

Ƙura da zafi da damina

Littattafan da ke zuwa da waɗannan bindigogi ba a yi su da yanayin Garwa a zuciya ba. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, in ta tarar da mai da yawa sai su haɗu su zama taɓo mai cin ƙarfe. Don haka da rani ɗigon mai kaɗan ake sawa, a goge saura. Baƙin man mota da man gyaɗa, waɗanda wasu ke zubawa, daskarewa suke yi su riƙe sifirin. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Tulun bindigar iska yana ɗauke da matsi har bar 200, alhali tayar mota ba ta wuce 2 zuwa 3, zafi kuma ƙara matsin yake yi. Barin ta cikin mota a rufe da rana ganganci ne. Robobinta suna bushewa su fara yoyo, tulun kansa kuma shekara goma doka ta ba shi a gasa. Da damina kuwa, daga Mayu zuwa Oktoba, danshin Binuwai yana sa tsatsa cikin kwana kaɗan, itace ya kumbura, sukurori su saki in rani ya dawo. Wannan ilmi na wuri babu kamfanin da zai aiko da shi cikin kwali.

Doka da amana

Ba za a yi maganar wannan sana'a a ɓoye ɗaya fuskar ba. Arewacin Kamaru ya sha wuyar bindiga. 'Yan fashin da ake kira zargina sun addabi hanyoyi har aka kafa rundunar soja ta musamman, BIR, a 2001. A farkon 2012 mahaya daga ƙetare suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. Boko Haram ta ɗaiɗaita garuruwan iyaka a Jihar Arewa Mai Nisa tun 2014, masu satar mutane don kuɗin fansa kuma sun talauta makiyaya a Mayo-Rai da Tuboro. Mafi munin wannan ɓarna da bindigogin yaƙi aka yi ta, waɗanda suka tsallako iyaka. Amma ƙirar gida ma tana shiga hannun ɓarayi da masu farautar sata, kuma duk wadda ta shiga, wani hannu ne ya ƙera ta ko ya gyara ta.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar gandun daji ta 1994, wadda aka maye gurbinta a 2024, ta hana farautar dare da fitilar goshi, ta hana farauta da bindigar toka. Doka mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai gida takwas, ta ware na farauta daban, na ƙarar biki daban, na wasan harbi daban, ta kuma tanadi ɗauri ga mai ƙera makami ba da izini ba. Izinin saye da riƙe bindigar farauta daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida yake fitowa, kuma a Afrilun 2018 ministanta Paul Atanga Nji ya dakatar da sayar da bindigogi a jihohi shida, har da Adamawa.

Mai gyara na kirki yana da tasa dokar kafin ta gwamnati. Ba ya karɓar bindigar da ba ta da takarda. Ba ya taɓa wadda aka goge lambarta. Ba ya yanke bututu don ta ɓuya cikin riga. Baƙon da ya zo da dare, yana gaggawa, yana ninka kuɗi, amsarsa ɗaya ce: "Malam, ba na irin wannan aiki." Ya san cewa mai taimakon ɓarawo ɓarawo ne, kuma jinin da aka zubar da abin da ya gyara za a tambaye shi a kai gobe ƙiyama.

Koyo da gado

Yaro ba ya fara da bindiga. Da zuga-zugi yake farawa, da fasa gawayin ƙirya, da miƙa awartaki. Sannan a ba shi guntun ƙarfe da magagari a ce ya goge shi ya kwanta daidai, aikin da ake gani kamar wasa amma yakan ci watanni. Daga nan ya koyi launin ƙarfe a wuta, ya san lokacin da sifirin zai yi tauri ba tare da ya karye ba. Maigidan yana kallon hannunsa, yana kuma kallon halinsa. Yaro mai surutu, ko mai son nuna wa abokai abin da ke cikin shago, ba a kai shi ga wannan ɓangare komai basirarsa.

Gyaran bindiga kaɗai ba ya riƙe gida. Kayan gyara sai daga shagunan makamai na Yawunde ko Duwala, wasu ma sai daga Turai. Abin da ke ciyar da maƙera shi ne garmar shanu da amalanken manoman auduga masu hulɗa da kamfanin Sodecoton, da ƙofofi da tagogi. Samari kuwa sun ga gyaran babur da waya ya fi kawo kuɗin yau, ba kuma mai zuwa da jandarma ƙofar gida. Haka gwanaye suke tsufa babu magaji, fili yana komawa hannun masu aikin ɓoye, waɗanda ba su san awo ba balle amana.

Wannan asara ce da za a iya tarewa. Tsoratar da kowa da kowa ba ya kashe sana'ar, daji yake kora ta. Abin da ya dace shi ne hukuma, tare da fadojin sarakuna da sarakunan maƙera, su san masu gyara na gaskiya, a ba su takarda, kowanne ya riƙe littafin da zai rubuta lambar duk bindigar da ta shigo da sunan mai ita. Makarantun koyon sana'a na Garwa suna iya ƙara musu ilmin awo da karatun zanen inji. Garin da ya fitar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a 2022, ba zai gaza ɗaki ɗaya mai tsawon mita goma sha biyar ba, inda matasa maza da mata za su koyi harbin bindigar iska ƙarƙashin ido, su koyi natsuwa da bin ƙa'ida, mai gyara kuma ya sami aikin da zai yi da rana tsaka.

Kai kuma mai bindiga, ka nemi takardarta, ka ajiye ta a kulle nesa da yara, harsashi a wani wuri daban. Kada ka kai ta wurin wanda bai tambaye ka takarda ba. In gwani ya ce maka ta gama aiki, ka ji maganarsa ka rataye ta, domin bindiga ana sayen wata, ido da hannu kuwa ba su da kasuwa.